Shekarar da Aka Buɗe Rumbun Gandu Kafin Ruwa

Bana ruwa ya sauka da wuri, amma bai sami manoma a gona ba. Gonakin da ke nesa da gari duk ciyawa ta cinye su, domin wanda ya ƙetare rafi da fartanya bai san ko zai kwana gida ba. Ina zaune a rumfata a kasuwar Ƙanƙara, inda nake sayar da hatsi tun ban yi furfura ba, ina kallon yadda awo ya canza. Matan da na saba auna wa tiya tiya yanzu da gwangwanin madara suke zuwa, su tsura wa hannuna ido kada in share kan awon. Ba na sharewa.

Ranar kasuwar da ta wuce wata yarinya ta zo da goyo, cikin mutanen wajen 'Yargoje da suka gudo suka tare a gari. Da ta sunkuya ɗaukar ƙullinta sai na ga kan ɗan. Gashin ya yi ja, ya yi laushi kamar gemun masara. Ana cikin haka motar 'yan siyasa ta ratso kasuwa da lasifika, ana cewa a ƙara haƙuri, tirelolin abinci suna kan hanya. Yarinyar ta ɗago ta ce, "Mama, kin ji? An ce wannan karon da gaske ne." Na ƙara mata gero, na ce ta dama wa yaron kunu da gyaɗa yau, kada ta bari sai gobe. Ban ce mata komai game da tirela ba. Na san launin gashin nan, kuma ni ma na taɓa jiran mota.

Sunana Saratu. A wajen Damari aka haife ni, cikin ƙasar Sabuwa, aka kai ni aure wani ƙaramin ƙauye yamma da Mairuwa. Yau babu kowa a cikinsa. Wani da ya leƙa bara ya ce mani kuka da bangon majami'a kaɗai suka rage a tsaye. Asalinmu Maguzawa ne. Surukina, wanda duk gida ke kira Baba, sai da ya manyanta ya bar tsafi ya bi Yesu. Ya fasa tulunan giya, ya daina yanka wa rumbu kaza, amma tsarin gidan ubansa bai taɓa shi ba.

Tsarin kuwa ga shi. Akwai gonar gandu, ta gida duka, wadda kowa ke nomawa da safe, maza da mata. Akwai gayauna, 'yar gonar da kowace mace ke nomawa da yamma don kanta. In an yi girbi hatsin gandu ya shiga babban rumbu, Baba ya ɗora jinka, an rufe ke nan. Daga kaka har faɗuwar ruwa kowace mace ita ke ciyar da mijinta da 'ya'yanta daga ɗan rumbunta. Ba a taɓa na gandu sai ranar da aka ɗauki sungumi aka fita shuka. Dalilin a fili yake: mai zaman rani yana iya yini da kunu, mai noma ba ya iyawa. Babban rumbu shi ne ƙarfin da za a yi noman baɗi da shi.

A shekarar da nake magana ban daɗe da aure ba, ina goyon 'yar farina, Rahila. Lokacin ko sunanta ba na faɗi, saboda kunyar ɗan fari. "Yarinyar nan" nake cewa, kamar ɗiyar maƙwabta. Kakanninta ne masu ita. Baba "amaryata" yake ce mata, surukata kuma, Iya, a bayanta take yini.

Damina ta yi mana gardama. Ruwa ya zo a makare, ya ɗauke dawa tana da ciki. Mun yi ta kallon hadari yana haɗuwa ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta watsa shi. Dawa ta bushe a tsaye, kan da ya fito ma in ka murza sai ƙaiƙayi. Abin da gayaunata ta ba ni a kaina na kwaso shi, ban nemi jaki ba. Gandu ma bai yi abin kirki ba, sai dai akwai ragowar tsohon hatsi. Da aka haɗa Baba ya leƙa ya daɗe yana kallo, ya ce in an yi hankali zai kai mu daga shuka zuwa sabon gero.

Mutanenmu sun san abin da ake yi a irin wannan shekara. Da an gama kaka samari su ɗaure kaya su tafi cin rani, Zariya, Kaduna, wasu har kudu, a rage baki a gida. Mata su koma girki sau ɗaya. A sayar da akuya a sayi rogo da dusa. Ana shan wuya, amma rumbun gandu na nan a rufe.

Sai ɗan majalisarmu ya zo.

Ba zan ɓata shi ba, don ba mugu ba ne. Rijiyar da muke sha shi ya sa aka gina. Sauran manya in sun zo neman ƙuri'a daga bakin hanya suke tsayawa, in an kawo musu ruwa su ce sun sha a gida, mun kuwa san dalili: ƙwaryar arna ce. Shi wannan yakan zauna kan tabarmarmu, ya karɓi ƙwarya ya kafa kai ya sha, ya ce a ƙaro. Wanda bai tashi cikin raini ba ba zai gane abin da wannan ya yi wa zukatanmu ba. Ran nan ya tara mutane gindin kuka ya ce, "Kada saurayi ko ɗaya shi tafi cin rani bana. Na yi magana a Kaduna. Hatsi na zuwa, mota ba ɗaya ba, kuma za a fara aikin hanya, ɗiyanku za a ɗauka. Ku ci abin da kuke da shi, kafin bazara na cika maku rumbuna." Ina sayen kaya ina sayarwa shekara da shekaru, na san idon mai zamba. Har yau na yarda mutumin nan abin da ke ransa ya faɗi.

Maigidana, Bulus, shi ne ya yi firamare a gidan, yana da rediyo, kuma shi ne wakilin jam'iyya a ƙauyen. Mutum ne mai tausayi da saurin yarda. Washegari da safe ya sami Baba yana gyaran ƙotar fartanya kusa da rumbu. Ina gefe ina surfe, na ji komai.

"Baba, a buɗe. Yara na kwana da yunwa, abinci na rufe."

Baba bai ɗago ba. Iya ce ta amsa daga bakin murhu. "In motar ta zo sai a buɗe don murna. Mi ye na gaggawa?"

"Iya, kin ji shi da kunnenki. Ya taɓa faɗin abu bai yi ba? Rijiyar fa?"

"Rijiyar na gan ta kafin in zura guga."

"Wannan dokar ta zamanin tsafi ce. Mun bar wannan."

"Yunwar ma ta zamanin tsafi ce," in ji Iya, "ban ji ranar da ta tuba ba."

Matan ƙannen miji suka yi dariya a ɓoye. Baba ya ce, "Mutumin kirki ne, ban musa ba. Amma mutum ne." Ya ci gaba da sassaƙarsa. Aka yi kwanaki ana wannan magana. Gida gida aka fara sauke jinka a ƙauyen, ƙamshin tuwo na tsallako mana danga. Abin da ya karya Baba ba gardamar ɗansa ba ce. Wata yamma Rahila, da ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta lashe ƙoƙonta tas, ta taka dagwas dagwas ta je ta ɗora masa shi a gwiwa, ta tsaya tana kallonsa. Baba ya dubi ƙoƙon ya ce, "To, amaryata ta kawo ƙara." Da gari ya waye ya sa aka jingina tsani.

Ya yi addu'a kafin ya hau, gajera. Aka ɗage jinka, ƙamshin tsohon gero ya bugo mu, wannan ƙamshin mai ɗumi da ke sa yawu ya tsinke. Aka riƙa miƙo dammunan gero ana karɓa. Iya ta shige ɗaki ba ta fito ba sai da aka gama. Ba zan ɓoye ba, na yi murna. Kirsimetin shekarar mun ci tuwo mun ƙoshi, mata suka yi rawa a filin majami'a har ƙafa ta gaji, samarin da ya kamata a ce suna Zariya suna nan suna kaɗa ganga. Da muka ga babban rumbu a buɗe, mu mata muka saki hannu da namu. Wata ta sayar ta yi wa yara riguna, wata ta biya bikin ƙanwarta. Ni na sayi zane.

Ba a yi mako da Kirsimeti ba, wata safiya maigidana ya kunna rediyo yana wanke fuska, sai kiɗan soja. Ya tsaya da ruwa a hannu.

"Wa ya mutu?" in ji Iya.

"Ba wanda ya mutu. Soja ne suka karɓe mulki."

"To mutumin naka fa?"

Daga baya muka ji an je har gida an tafi da ɗan majalisar tare da sauran manya, an rufe. Mutumin da zai cika mana rumbuna ko tabarmar da zai kwana a kai ba shi ya zaɓa ba.

Baba ya so ya mai da jinka, amma a kan me? Namu rumbunan sun yi ƙasa, samari na gida, kowa da bakinsa. Maigidana kuwa bai daɗe cikin jimami ba ya sami sabon abin riƙewa. Rediyo ta ce soja na fasa ma'ajiyar masu ɓoye kaya ana sayar wa talakawa da sauƙi. Ya ce ai waɗannan ba su da wasa, su ne za su gyara ƙasa. Ya tashi da sassafe ya taka har Funtuwa ya shiga layi. Kafin a zo kansa hatsi ya ƙare. Ya dawo da la'asar, ƙafa duk kaushi, da sandar sabulu da gwangwanin madara ɗaya.

Iya ta juya sabulun a hannu ta ce, "Madalla. Saratu, ɗora tukunya, yau tuwon sabulu za mu ci. Ko ba mu ƙoshi ba cikinmu ya yi fes." Ta ɓoye madarar a zanenta, Rahila ta sha ta kaɗan kaɗan cikin kunu.

Sai da rani ya raba samari suka tafi neman aiki, har da maigidana, lokacin duk wuraren an riga an cika su. Muka shiga bazara.

Ban taɓa ganin zafi irin na shekarar ba, ko kuwa yunwa ce ta sa na ji shi haka. Da hantsi ƙasa ba ta takuwa. Iska in ta taso kamar daga bakin murhu. Mukan tashi da asuba mu yi rijiya, guga ya daɗe yana tafiya ya dawo da rabin laka, mu zauna mu jira ruwa ya taru. Daga nan daji, neman ɗorawa. Garinta mai rawaya muke damawa da ruwa mu sha, bakin kowane yaro ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, ba ƙarfi. Da ɗorawa ta ƙare muka koma ganyen ɗinya da yaɗiya. Aka sayar da awaki, aka sayar da kaji. Abin da na fi tunawa shi ne shirun gari. Ƙauyenmu da yamma ba ka jin maganar na kusa da kai don ƙarar turame. A bazarar nan turmi ya riƙa yin shiru gida bayan gida, har ya zama in wata ta ɗaga taɓarya duk unguwa ta san ko wace ce, sai ta ji kunya ta riƙa daka a hankali.

Nonona ya ƙafe. Rahila ta kama ta tsotsa ta saki ta yi kuka, daga baya ta daina kukan ma. Ba ni da damar in ɗauki rabona in ba ta a gaban mutane, ɗiyar fari ce. Sai in ci loma biyu in ture ƙwarya in ce na ƙoshi. Iya ba ta duba ni, ta jawo ƙwaryar ta ce, "Zo nan, sarkin kwaɗayi, uwarki ta yi almubazzaranci." Haka muka yi ta yi, ba wadda ta taɓa ce wa ɗaya komai.

Ranar da rumbun gandu ya ƙare Baba da kansa ya shiga da tsintsiya. Ya fito da ƙwarya ba ta cika ba, rabi hatsi rabi ƙasa da tururuwa. Bai mai da jinka ba. Ya bar ta a ƙasa jingine da rumbun. Irin shuka kaɗai ya rage, cikin tulu da toka a ɗakinsa, an liƙe bakin da laka. Wannan ko a mafarki ba wanda ya ambata.

Sannan ruwa ya zo. Da rana tsaka hadari ya haɗu, wannan karon iska ba ta watsa shi ba. Ɗigon farko ya faɗi kan ƙasa mai zafi ta yi ƙamshi, yara suka fita tsirara suna tsalle, manya suka tsaya bakin ƙofa suna kallo. Kowa ya san ranar ce ya kamata a ɗora tsani a buɗe rumbu, a yi tuwon shuka. Maigidana ya dawo daga cin rani da ɗan garin kwaki a buhu, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Da wannan muka yi shuka.

Yanzu in na ji ana cewa manomi ya kasa shiga gonarsa sai in tuna mu mun shiga, ƙafafunmu ne suka ƙi ɗaukarmu. Noman firi, wato na farko, shi ya fi cin rai. Ciyawa ba ta san ana yunwa ba. Maza sukan ɗaure ciki da rawani tamau su sunkuya, in sun kai ƙarshen kunya su dafa fartanya su jira duhun ido ya wuce. Ba wanda ya iya kiran gayya, don ba abin ciyar da masu zuwa. Sai mai bisharar majami'armu ya ce a riƙa zagawa: yau gonar wane, gobe ta wane, kowa ya zo da ruwan shansa, ba a bin kowa abinci. Wasu maƙwabtanmu Musulmi da suka ga haka suka shigo zagayen. Da rana ta take su koma gefe su yi salla, mu mu zauna inuwa mu yi tamu addu'ar, a koma kunya. Duk da haka rabin gandu muka iya nomewa, sauran muka bar wa ciyawa.

Tafasa ta fito, muka koma kanta, safe da yamma, da ɗan gishiri in an samu. Cikin babba yana ɗauka. Na Rahila bai ɗauka ba. Zawo ya kama ta, ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja ya yi laushi. Na goya ta na kai ta ɗakin shan magani. Malamin ya danna ƙafar da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ya ba ni magani, ya ce, "Ga shi, amma gaskiya maganinta abinci ne. Ƙwai, nono, kunun gyaɗa." Ya faɗi yana kallon ƙasa, ya san inda na fito. Wata Bafillatana da ke rugar bayan gari, Goggo Hansatu, ta riƙa aiko mana da nono a ɗan ƙoƙo ba ta karɓar komai, har ranar da mazansu suka ɗaga da shanu.

Daga nan idona ya koma kan gero. Kullum da safe sai na bi kunya ina duba shi. Ya yi ciki. Ya fid da kai. In ya yi ƙwaya, ko ɗanye ne, a gasa tumu a dama mata kunu, za ta tashi. Abin da ya rage tsakaninta da rai ke nan.

Wata rana muna tsinkar tafasa ni da Iya, tana ta ƙus ƙus da baki kamar yadda ta saba. Na ce, "Iya, kullum kina addu'a. Ya ce maki zai kawo?"

"Bai ce mani mota ba."

"To mi ya ce?"

"Ni ban san abin da za ya kawo ba, ɗiyata. Abin da na sani, duk safiyar da na kira Shi ba a taɓa ce mani soja sun zo sun tafi da Shi ba."

Marka ta kama, ruwa ba dare ba rana, ɗakuna na yoyo, itace ya jiƙe ba ya kamawa. Gero ya yi bununi, in ka matsa ƙwayar sai ɗan farin ruwa. Muna maimai, noma na biyu, wata hantsi rana ta ɗan leƙo. Rahila na bayan Iya. Ina kunyar da ke kusa da ita sai na ga ta miƙe tsaye ta saki fartanya. Ta daɗe a haka, hannunta ɗaya a baya. Sannan ta ce, a hankali, "Saratu, zo ki kwance mani goyon nan."

Na kwance. Jikin da sauran ɗumi, amma ɗumin bayan Iya ne.

Baba bai bar kowa ya taɓa masa magirbi ba, shi ya haƙa ramin bayan majami'a. Ƙasa ta yi laushi, bai sha wuya ba. Mai bishara ya yi addu'a, shi ma bai karya ba. Ni ina tsaye ƙiƙam, na danne, domin ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban surukai. Iya ta matso ta ce, "Wannan kunyar ba ta cikin abin da Yesu ya ce a riƙe. Yi kukanki." Na yi.

Bayan kwana biyu, muna wankin tafasa a bakin rijiya, na faɗi abin da ke cina. "Iya, wancan ya ce zai kawo bai kawo ba. Mun roƙi Allah, Shi ma ga shi. Ina bambancin?"

Ba ta tsawata mani ba. Ta tsane ganyen ta ce, "Na binne huɗu kafin in san Yesu, na binne ɗaya bayan na san Shi. Kada wani shi ruɗe ki, zafin ɗaya ne. Amma na farkon ƙasa na ba. Ta ƙarshen na san hannun da na sa ta, kuma Mai hannun Shi ma an taɓa sa Shi a rami, bai zauna ba." Ta ɗora ƙwarya a kai. "Tashi mu tahi, yara na jira."

Ban ce maganar ta warkar da ni a ranar ba. Ta dai zauna, kuma a kanta na tsaya tun daga lokacin. Da kakar shekarar na fara sayen hatsi ina ajiyewa, tiya ɗaya tiya biyu, abin da ya zama sana'ata ke nan. Na ga mulki iri iri ya zo ya wuce. Ina fita in jefa ƙuri'a, ina yi wa shugabanni addu'a ranar Lahadi da zuciya ɗaya, wanda ya yi abin kirki in yaba masa. Amma ban ƙara sauke jinka don maganar wanda bai san inda zai kwana gobe ba.

Wanda ya rage shi ne maigidana. Tun ranar jana'iza ya daina shiga majami'a. Ya ba da rediyon. Yakan riga kowa zuwa gona ya yi ta noma kamar mai faɗa da ƙasa, in ya dawo ya zagaya bayan rumbun gandu ya zauna. In na kai masa abinci in dawo in tarar da shi yadda na ajiye. Baba ya yi magana, mai bishara ya zo ya yi, ba abin da ya canza. Na fara ganin ƙasusuwan kafaɗarsa ta cikin riga, na gane in ba a yi wani abu ba rami na biyu za a haƙa.

Gero ya nuna. A wurinmu ba a cin sabo sai an kai na fari majami'a. Ran Lahadi kowane gida ya zo da 'yan kawuna aka tara a gaba, aka yi godiya. Waƙa ba ta yi ƙarfi ba, gidaje da yawa sun zo ba su cika ba. Da muka koma na hura wuta na gasa tumu. Ƙamshin ya cika gida, yara suka kewaye murhu suna ƙona yatsu. Na murje nawa a tafin hannu, na hure ƙaiƙayin, na zuba a ƙoƙo, na zagaya bayan rumbu.

"Ɗauke," ya ce. "Ki ba yara."

"Yara sun ci."

"Ba ni da bakin cin geron ga. Ni na sa aka buɗe. Ba don ni ba da tana nan tana ci."

"Wataƙila," na ce. Ya ɗago, bai zaci haka ba. "Wataƙila kuma da ƙyanda ta ɗauke ta, kamar yaron gidan Tanko, su da ba su buɗe nasu ba. Ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba."

"Shi kuwa mutumin nan, duk ranar da aka sake shi..."

"Ka je ka ce shi ba ka ita? Ba ya da ita. Ko ranar da ya zauna kan tabarmarmu ba ya da ita. Ka ɗauki bawan Allah ka ɗora inda ba wurin mutum ba. Yanzu ka sauke shi ka hau da kanka, wai kai ke kashewa kai ke rayawa. Sauko, Maigida. Wurin yana da Mai shi."

Ya dubi ƙoƙon ya ce, "Ba ni iya addu'a, Saratu."

"Na yi tawa na yi taka da safe. Kai dai ci. Jibi za a fara yankan gero, ni kuwa ba ni iya ɗaure dami."

Ya miƙa hannu ya ɗebi kaɗan ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa cin abinci ƙwarya ɗaya da shi ba, ba a yi. Na gyara zane na zauna a ƙasa kusa da shi na sa hannu. Iya ta zagayo ta gan mu, ta tsaya, sai ta juya tana tambayar yara wa ya ɗauke mata tsintsiya.